'Yancin Wa Ake Nufi?

'Yar'uwa, kin taɓa jin labarin jam'iyyar Libertarian ta ƙasar Amurka? Tun 1971 aka kafa ta, kuma aƙidarta guda ce: gwamnati ta cire hannunta daga rayuwar mutane. Abin da za ki ci, tufar da za ki sa, inda za ki yi ibada, duk ruwanki ne, muddin ba ki cuci kowa ba. Magana mai daɗin ji, ko?

To, a watan Janairu na 2016, Gary Johnson, tsohon gwamnan jihar New Mexico, yana neman jam'iyyar ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, sai ya ce wa wani ɗan jarida in ya hau mulki zai sa hannu a dokar hana mata rufe fuska a bainar jama'a. Hujjarsa wai tilasta wa matan ake yi. Ikon Allah! Mai wa'azin a ƙyale kowa, ga shi zai sa ɗan sanda ya tare mace a kan titi saboda ƙyallen da ke fuskarta. Ita wadda ta sa don ra'ayin kanta fa? In tilas ce abin ƙi, ai cirewar dole ma tilas ce.

Magoya bayansa suka yi masa ca, washegari ya janye maganar. Na yaba masa, don ba kowane namiji ke iya cewa ya yi kuskure ba, mu da ke gidan aure mun sani. Sai dai har yau ina tambayar kaina: da ba a yi masa ca ɗin ba fa? Wallahi ni maganar farko na fi riƙewa, don ita ta fito kafin a yi lissafin ƙuri'a.

Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Ron Paul, wanda ya yi wa jam'iyyar takara a 1988, ya ƙi amincewa da dokar Patriot Act a 2001, dokar da ta ƙara wa hukuma ikon leƙen asirin jama'a, alhali ƙasar na cikin firgicin harin 11 ga Satumba. A 2010 kuma, da aka taso Musulmin New York a gaba kan cibiyar da za su gina kusa da inda aka kai harin, shi da ba Musulmi ba ya fito ya ce suna da haƙƙin yin gininsu.