Jan Ƙarfe Aro Ne: Tattali da Amana a Kamfanin Dakon Lantarki

Tambayar da nake son warwarewa a wannan maƙala ita ce: idan kamfani ya tattala kayan aikinsa domin tattalin yana kawo masa riba, shin ya cancanci yabon da ake yi wa mai riƙon amana, ko kuwa ciniki kawai ya iya? Zan auna ta a kan kamfanin TenneT, wanda ke dakon wutar lantarki a ƙasar Holan da wani babban yanki na Jamus ta layukan da tsawonsu ya haura kilomita 20,000.

Irin wannan kamfani ba ya samar da wuta, ba ya kuma sayar da ita gida-gida. Aikinsa ɗauko ta daga tashoshin samarwa zuwa garuruwa, don haka yawancin dukiyarsa ƙarfe ce: baƙin ƙarfe a turaku, alminiyam a wayoyin sama, jan ƙarfe a cikin taransifoma da wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Kowane ɗayansu daga rami ya fito. A yawancin mahaƙun jan ƙarfe na yau, har da na ƙasar Chile wadda ta fi kowace ƙasa haƙo jan ƙarfe, abin da ake tacewa bai kai kashi 1 cikin 100 na dutsen da aka fasa ba. Sauran yakan zama tsibin tarkace a ƙasar mutanen da ba za su taɓa kunna fitila da wutar TenneT ba.

A shekarar 2016 gwamnatin Holan ta ƙudiri rage amfani da sababbin ma'adinai da rabi kafin 2030, da kuma kaiwa ga tattalin arziki mai zagayawa kafin 2050, wato tsarin da kaya ba sa ƙarewa a juji, sai dai a gyara su ko a narka a sake ƙerawa. TenneT, wanda gwamnatin ce ta mallake shi, ya ɗaukar wa kansa alkawarin rage sabon jan ƙarfe da kashi 25 cikin 100 kafin 2025, haka ma sharar da ba ta sake sarrafuwa. Hujjar a bayyane take: narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen tace sabo, jan ƙarfe kuwa ana sake narka shi ba tare da ingancinsa ya ragu ba.

Sai dai a ganina zagayawar ƙarfe ita kaɗai ba ta isa shaidar nagarta ba. Maƙeran Panteka a Kaduna sun daɗe suna zuba tukwane daga tsohon alminiyam, 'yan gwangwan kuma suna bin lungu-lungu suna sayen ƙarafa, ba tare da wani ya ba su lambar yabo ba. Ɓarawon da ya yanke wayar lantarki cikin dare ya jefa unguwa a duhu, shi ma jan ƙarfensa tukunyar narki yake komawa. Abin da ya haɗa su duka shi ne tsohon ƙarfe yana da kuɗi. Kamfanin da ya sayar da tsohuwar wayarsa maimakon ya binne ta ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, amma ba a nan ake gane amana ba.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan nauyi. Jamus da Holan suna barin kwal, suna komawa ga wutar iska da ta rana, kuma hakan yana buƙatar sababbin layuka masu yawa. Layin SuedLink kaɗai, wanda TenneT ke ginawa tare da kamfanin TransnetBW, zai ratsa kusan kilomita 700 a ƙarƙashin ƙasa daga arewacin Jamus zuwa kudu. Taransifoma kuwa takan yi shekara 40 ko fiye tana aiki, don haka tsohon ƙarfen da ake cirewa yau na ƙaramin tsarin da aka gina a zamanin iyayenmu ne, ba zai taɓa wadatar da ginin yau ba. Tun a 1865 masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura cewa da injuna suka rage cin kwal, sai yawan kwal ɗin da ake ƙonawa ya ƙaru, domin araha ta jawo ƙarin masu amfani. Ina tsoron kada maganar zagayawa ta zama lulluɓin da ke kwantar wa mai saye hankali alhali ramin yana ƙara zurfi. Duk da haka ba zan ce a daina gini ba, domin wayar da ba a shimfiɗa ba tana nufin tashar kwal da ba a rufe ba.

To, a ina ake gane amanar? Ina ganin ana gane ta a wurin da tattali ke cin kuɗin kamfani maimakon ya ƙara masa. Misali, na'urorin katse wuta a manyan tashoshi suna amfani da wata iska mai suna SF6, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau kusan 23,500, kuma tana iya zama a sararin sama fiye da shekara 3,000. Idan ta yoyo ba ta wari, ba ta launi, babu maƙwabcin da zai kai ƙara. Sauya na'urorin da ke aiki da ita yana da tsada, kuma sai da Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 aka sa wa'adin daina sanya ta a sababbin na'urori. Kamfanin da ya rage ta kafin doka ta tilasta masa, ya biya kuɗi ne domin mutanen da ba za su taɓa sanin sunansa ba. Haka nan wanda ya nemi masu ƙera masa kaya su rubuta abin da ke cikin kowace taransifoma, su kuma haɗa ta yadda za a iya kwancewa, yana yi wa ma'aikacin da ba a haifa ba hidima ne.

Saboda haka amsata tana da fuska biyu. Riba ba ta ɓata tattali, domin da ba a samun ta da ba kamfanin da zai ɗore a kansa. Amma yabo na ɗabi'a sai ya jira lokacin da riba da amana suka raba hanya, a ga wadda kamfanin zai bi. Jan ƙarfen da ke hannun TenneT aro ne daga mutanen da aka haƙe ƙasarsu, da kuma waɗanda za su gaji layukan. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Shekarun taransifoma ke nan, kuma waɗanda za su kwance ta a lokacin su ne za su ga ko an bar musu ƙarfe mai amfani ko tarkace.