Likita Daga Nesa Da Mai Jarabar Ƙwaya: Tausayi Ne Ko Sakaci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ta taso a ƙasar Amurka wadda ta cancanci masu hankali su dube ta. Shin ya dace likita ya rubuta wa mai jarabar ƙwaya magani ta wayar tarho ko ta intanet, alhali bai taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba?

A shekarar 2001 wani saurayi mai suna Ryan Haight ya rasu saboda ƙwayoyin da ya saya ta intanet, da takardar likitan da bai taɓa duba shi ba. Don haka a 2008 aka kafa doka da sunansa, wadda ta wajabta wa likita ganin majinyaci kafin ya rubuta masa irin waɗannan magunguna. Da annobar korona ta zo a 2020 aka sassauta, har aka yarda a rubuta maganin buprenorphine ta waya. Ana cikin haka, a 2021 mutum fiye da 100,000 suka mutu a ƙasar saboda shan ƙwaya fiye da kima, mafi yawansu ta hanyar fentanyl.

Masu ƙin wannan sassauci suna da hujja mai ƙarfi. Shi buprenorphine ɗan dangin kodin ne da fentanyl ɗin kanta, kuma akan sami masu karɓarsa su sayar. Muryar waya ba ta nuna rawar jiki ko sawun allura. A wurinsu toshe hanyar ɓarna shi ne kan gaba, kuma wannan asali ne sananne wurin malaman Malikiyya.

Amma fa sai a dubi yadda maganin yake aiki. Yana kama gurbin da ƙwayar take kamawa a ƙwaƙwalwa, ya kwantar da ƙishirwarta da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da ke kama wanda ya daina sha, kuma haɗarinsa na tsayar da numfashi bai kai na fentanyl ba. Niyyar mai shansa ta hannun likita ita ce ya fita daga maye. Shari'a kuwa ta zo ne domin kiyaye addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, ga shi jaraba tana cinye su duka biyar. Ita kanta giya daki-daki aka haramta ta, saboda sanin raunin ɗan Adam.

Sa'an nan wanda ke ƙauye nesa da asibiti, ko wanda kunya ta hana shi tsayawa layi a gan shi, idan ya yi azamar tuba yau aka ce ya jira mako uku, dillalin ƙwaya ba ya cewa a jira shi. Idan cuta biyu suka haɗu, malamai sun ce a ɗauki mafi sauƙi a ture mafi girma, kuma mutuwa ita ce wadda ba ta da gyara.

To, sai dai larura gwargwadonta ake auna ta. Nisa ba ya sauke amana daga wuyan likita. Wajibinsa ne ya yi tambaya mai zurfi, ya bi sawun majinyacin, ya kira shi asibiti in ya ga alamar haɗari. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta fitar a 2025 ta bi tsakiya: ta yarda da maganin wata shida daga nesa, bisa sharaɗin likita ya fara duba rajistar magungunan da aka taɓa rubuta wa mutumin. Wanda ya mai da wayarsa shagon sayar da takarda kuwa, ya ci amana, kuma zai amsa tambaya gobe Ƙiyama.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya shiryi waɗanda aka jarraba. Allah ne Mafi sani.