Wa Ke Da Ta Cewa A Motar Asibiti?

Hausawa kan ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. To, ina ga motar asibiti, inda rai ke hannun mutum biyu masu shaidar ƙwarewa daban-daban?

A Amurka, hukumar NREMT da aka kafa a 1970 tana ba ma'aikatan agajin gaggawa shaida hawa 4. Na hawan ƙasa kan tsayar da jini, ya danna ƙirji. Na ƙololuwa, wato faramedik, shi ke da izinin zura bututu a maƙogwaro. Bisa ƙa'ida, nauyin majinyaci yana wuyan mai babbar shaida.

Sai dai takarda ba ta da ido. Wani lokaci ƙaramin ya fi daɗewa a aikin, shi ke fara lura numfashi ya sauya. In ya yi shiru don kunya, ya ci amana. In babba ya toshe kunne don girman kai, alhakinsa ya fi nauyi.

Saboda haka, hukunci na mutum ɗaya ne, wanda za a tuhuma gobe. Faɗin abin da ido ya gani kuwa wajibin kowa ne, domin majinyaci ba shi da bakin kare kansa.