Tsohon Doki Sai Mai Shi

Wanda ya yi shekaru yana hawan doki ya san ƙafar da ke yi masa ciwo da sanyin safiya, ya san abin da ke firgita shi, ya san irin jan linzamin da yake ji. Baƙo ya hau, kafin a kai ƙofar gari ya sha ƙasa. Shi ya sa Hausawa suka ce tsohon doki sai mai shi.

Yau doki ya koma na hawan salla, amma maganar tana nan daram a kan tsohuwar jif. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai ga Highlander da Pathfinder da Lexus RX300 a ƙofar gidaje, an ɗora musu galan a rufi alamar sayarwa. Kuɗinsu na jan hankali, fenti na sheƙi. Ni a ganina rabin darajar irin wannan mota tana cikin kan mai ita, kuma wannan ce ribar saye a hannunsa maimakon hannun dillali, wanda jiya ya fara ganinta, la'adarsa kawai yake jira.

Ɗauki RX300, wadda aka ƙera tsakanin 1998 da 2003. Injinta mai silinda shida yana aiki ne da bel na taimin, wanda ake so a canja duk mil 90,000. Bel ɗin a rufe yake, ido ba ya ganinsa. Mai motar ne kaɗai zai ce maka an canja ko ba a canja ba, kuma yaushe. Wannan injin an san shi da daskarewar baƙin mai idan ana jinkirin juye, har kamfanin Toyota ya ɗauki nauyin gyaran wasu a Amurka a 2002. Buɗe murfin baƙin mai ka haska fitila. In ka ga baƙin gurɓi ya manne, ka san irin riƙon da aka yi mata, ko da Alhaji ya rantse.

Mita ma tana ruɗi. Motocin Amurka mil suke ƙirgawa, mil 200,000 kuwa ya haura kilomita 320,000. Ana kuma iya mayar da lambar baya. Sitiyari da ya goge, kujerar direba da ta lotsa, robar birki da ta cinye, waɗannan ba su iya ƙarya ba. Sai ka sa bakanikenka, ba na mai motar ba, ya shiga ƙarƙashi, domin gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka da Kanada lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe, tsatsar kuma fenti na iya rufe ta. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta dace da takardar kwastam, in ba haka ba a bar cinikin.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyar tambaya. Mutum ya tara kuɗin shekaru, amma yana jin nauyin ce wa dattijo, "Ranka ya daɗe, me ke damunta?" Alhali shari'ar Musulunci ta hana ɓoye aibin kaya, ta kuma ba mai saye damar mayarwa in ya gano. Mai gaskiya zai ce maka giya tana ɗan jinkiri da safe, lagireto an taɓa yi masa walda, kayan gyaranta kuma wajen wane ake samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Wanda ya ce lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa shiga gareji ba, ga ta da shekara 20 a duniya, shi ya fi ba ni tsoro.

Ka je da sassafe kafin a ɗumama injin, ka tayar da ita da hannunka, ka duba hayaƙin salansa. Sannan ka roƙi mai ita ya haɗa ka da bakaniken da ya saba duba ta, ku zauna ku uku kafin a yi maganar farashi.