Hanci, Ƙwaƙwalwa da Baƙin Ciki: Shin Yanke Ya Wadatar?

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa hanci ƙofa ce. Ta nan ake ba mara lafiya shaƙe da hayaƙin magani, ta nan kuma turaren wuta da humrar Barno ke ratsawa su sanyaya rai. To, ga shi yau masana haɗa magunguna sun waiwayo kan wannan ƙofa, suna neman aika maganin ciwon damuwa ta cikinta kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu duba nauyin da wannan hikima za ta ɗora mana, musamman mu mazauna Maiduguri.

Dalilin wannan yunƙuri a fili yake. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai wani shinge mai tace duk abin da zai shiga, shi ya sa kaɗan daga cikin maganin da aka haɗiya ke isa inda ake bukata. Amma jijiyar sansana da ke can saman kogon hanci tana da yanke zuwa ƙwaƙwalwa. Sai masana suka riƙa ƙunshe magani cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake auna girmansu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Wasu ƙwayoyin daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande ake sarrafa su, domin su manne a fatar cikin hanci su saki maganin sannu a hankali. Har yanzu galibin gwajin a kan ɓeraye ake yin sa. Sai dai a 2019 Amurka ta amince da wani feshin hanci mai suna esketamine, wanda ba ya cikin irin waɗannan ƙwayoyi, amma yakan fara aiki cikin sa'o'i, alhali magungunan da aka saba da su sai sun ɗauki makonni.

Wa zai fi murna da wannan labari in ba mu ba? Tun daga 2009 rikici ya tarwatsa garuruwa da ƙauyukan Barno, mafi yawan waɗanda suka tsero kuwa gidajen jama'a suka sauka, a unguwanni irin su Gomari. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta ƙara wa mai kuka tsokanar ido. Akwai gwauruwar da barci ya ƙaurace wa, akwai dattijon da ya daina magana tun ranar da ya baro gonarsa.

A nan tambayar take: shin ya halatta mu ɗauke wa mutum baƙin ciki da magani, alhali abin da ya jawo shi yana nan daram? Wasu za su ce a'a, domin baƙin ciki shaida ne na ƙaunar abin da aka rasa, maganinsa kuma haƙuri. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta cakuɗa abubuwa biyu. Jimami daban, ciwo daban. Mai jimami yana kuka, yana ci, yana karɓar gaisuwa, kwanci-tashi ya miƙe. Mai ciwon damuwa kuwa ƙarfin haƙurin ne kansa cutar ta cinye, har yakan kai ga ƙin rayuwa. Wanda ya ce da shi ya yi haƙuri kawai, tamkar ya umarci mai karaya ne ya yi gudu. Saboda haka nema masa magani wajibi ne, kuma in an sami mai saurin aiki, madalla.

Fargabarmu tana wani wuri dabam. Magani mai wuyar sha'ani yakan tilasta dangi su yi jinya, su raka mara lafiya Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga, su zauna su saurari likita. Idan kuwa abin ya koma feshi ɗaya, akwai yiwuwar mu saya mu miƙa mu juya baya, muna ganin mun sauke hakki. Mun kuma san halinmu da neman yanke: mun ga ɓarnar sholisho da tiramol, mun ga yadda a 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ko a Amurka, feshin nan a asibiti kaɗai ake ba da shi, a tsare mutum aƙalla sa'o'i 2 ana lura da shi.

Ƙasar nan tana da darasi a kan haka. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Ya fahimci cewa magani na gyara ƙwaƙwalwa, zama cikin mutane kuma na maido wa mutum mutuncinsa. Haka nan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ɗauki mara lafiya a matsayin mai hakki da za a nemi yardarsa.

Daga ƙarshe, ra'ayinmu shi ne a yi maraba da wannan bincike, a kuma bar shi a hannun likitoci idan ya nuna. Amma feshi ba zai maido wa manomi gonarsa ba, ba zai biya wa gwauruwa kuɗin haya ba, ba kuma zai zauna kan tabarma ya ji ta bakinta ba. Waɗannan suna wuyan hukuma da dangi da maƙwabta, kuma tun yau ake bin mu su, ko maganin ya iso ko bai iso ba. Masu iya magana sun ce abin da ya taɓa hanci shi kan sa ido ruwa.