Mudun da Mai Saye Ba Ya Gani

Duk wanda ya saba cin kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san cinikin hatsi ba ya faɗawa sai an auna a gaban mai saye. Zai dubi tiya ko an buge gindinta, ya dubi awo ko ya yi tozo, in bai gamsu ba ya ɗauki buhunsa ya matsa gaba. To yau ga wani irin kaya ya shigo mana wanda kusan kowane gida ke saye, watau mintocin kira, da mega, da aikin tura kuɗi. Shi wannan kaya mudunsa yana cikin na'urar kamfani, mai saye ba ya ganinsa. Tambayar ita ce: in mai saye ba ya ganin mudu, wa ke ɗauke da nauyin cikarsa? Kuma shirun da ya yi yana halatta abin da aka rage masa?

Adalci ne mu fara da faɗin alherin abin. Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ya zo a 2008, aka sayar da shi a 2019 ya zama Zamani. Ga Moov, ga Niger Telecoms da aka kafa a 2016, ga kuma gidajen aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana. A da, ɗan cirani da ke Kano ko Agadas sai ya jira mai zuwa gida ko direban da ya yarda da shi kafin kuɗin cefane su kai ga iyalinsa a Kanambakashe ko Korgom. Yau kafin ya mayar da waya aljihu saƙo ya isa. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wannan saurin shi ne tuwon dare.

Amma koke-koken jama'a su ma sanannu ne. Wani ya sa kiredi ya tarar an zare don wata hidimar da bai nema ba. Wani kira ya katse masa amma an cire kuɗin. Wani ya tura kuɗi sun fita daga wajensa, ba su isa ga mai karɓa ba. Wannan ba zancen bakin kasuwa ba ne kawai, domin a 2017 hukumar da ke sa ido kan sadarwa, wadda a lokacin ake kira ARTP, ta ci kamfanonin waya huɗu na ƙasar tarar da ta haura sefa miliyar 3 saboda rashin ingancin aiki.

Malaman fiƙihu sun shimfiɗa ƙa'ida tun da daɗewa, cewa ciniki ba ya inganta sai an san abin da aka saya, da yawansa, da farashinsa, kuma sun hana cinikin garari, wanda mutum bai san abin da zai samu ba. Alƙur'ani ya keɓe sura guda da sunan masu tauye awo, ya kuma ba da labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu ya gargaɗa a kan haka. Hikimar a fili take: mai riƙe da mudu ya fi mai saye sanin abin da ke cikinsa. Saboda haka gwargwadon yadda mai saye ya kasa bincikawa, gwargwadon yadda nauyi ke ƙaruwa a wuyan mai sayarwa, har cinikin ya zama amana tsantsa. Wanda ya auna wa makaho hatsi ba ya cewa ai bai yi magana ba. Kuɗin da ke cikin waya kuwa dukiyar mai layi ce da ya ba da ajiya. Ko babban bankin BCEAO, a ƙa'idar da ya fitar a 2015, ya wajabta wa masu wannan sana'a su ajiye kwatankwacin kuɗin jama'a cif, su kuma mayar wa mai su in ya nema.

Wani zai ce ai mai saye ya amince da sharuɗɗa, shi ya danna da hannunsa. To amma yarda ƴar sani ce. Sharaɗin da aka rubuta da Faransanci, aka aika wa manomin Urafan wanda karatunsa na allo ne da ajami, ko tsohuwar da jikanta ke danna mata waya, an cika shi a takarda, ba a cika shi a zuciyar mai saye ba. Wanda ya iya tallata garaɓasa da Hausa a rediyo, lalle ya iya bayyana ranar ƙarewarta da Hausa.

Wani kuma zai ce abin kaɗan ne, dala biyu ko uku. Mu yi lissafi: dala biyu daga mutum miliyan guda sefa miliyan 10 ke nan. Ƙanƙantar abin ita ce ma ke rufe bakin mai haƙƙi, domin ba mai biyan kuɗin mota daga ƙauye zuwa Tasawa ko Maraɗi don neman abin da bai kai kuɗin motar ba. Wannan shiru na gajiya ne, kuma gajiya daban, yafewa daban. Daga nan za mu gane cewa sauraron kuka ba alfarma ba ce da kamfani ke yi wa jama'a. Yana cikin abin da aka saya. Layin koke da ba a ɗauka, ko ma'aikacin da ke cewa je ka dawo har mutum ya haƙura, duk ragi ne a gindin tiya.

Wannan magana ta hau kan ƴaƴanmu masu rumfunan cirar kuɗi kamar yadda ta hau kan manyan kamfanoni. Mai rumfa wakili ne, kuma wakili amintacce ne. Ladarsa halal ce in ta tsaya inda aka ƙayyade. In ya ƙara wa wadda ba ta iya karanta saƙo wani abu a ɓoye, ko ya riƙe lambar sirrinta, ya ci amana, ko da dala ɗaya ce.

Mu masu saye mu ma da namu nauyin. Kuɗin da suka shigo wayarka bisa kuskuren lamba ba rabo ba ne, na mai su ne, sai a mayar. Kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko da ya ce daga kamfani yake kira. Ka adana saƙon shaida da takardar da aka ba ka, ka ƙirga kuɗinka kafin ka bar rumfa. In an tauye ka, ka kai kuka ga kamfani, in bai saurara ba akwai hukumar ARCEP da ta gaji ARTP a 2018, akwai kuma dokar kare masu saye ta 2015. Neman haƙƙi cikin ladabi bai saɓa wa haƙuri ba, kuma wanda ya iya karatu ya nemi nasa, ya gyara mudu ne ga mutum ɗari da ba su iya ba. Zai yi kyau matasan kowane masallaci su riƙa taimaka wa tsofaffi da mata wajen karanta saƙo da rubuta koke.

Mudun da mai saye ba ya gani, akwai Mai ganinsa. Allah ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, ya sa albarka a cinikinmu.