Gyara Ko Sauyi? Tunani A Kan Injin Da Ya Gaji

Da wuya a sami wanda ya yi shekara biyu ko uku yana karatu a Ingila ko Amurka bai mallaki tsohuwar mota ba, ko bai san ɗan uwan da ya mallaka ba. Kuɗin guzuri ba ya kai mu ga sabuwa, don haka sai mu sayi wadda ta riga ta ga jiya ta ga yau. Ita kuwa tsohuwar mota akwai ranar da za ta fara shan baƙin mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, tana nishi a kan 'yar gangara. Ranar da aka kai ta gareji sai makaniki ya ce inji ya gaji, ya kuma jefo tambaya: a sauke shi a gyara, ko a sayo wani a ɗora? Ni dai a ganina wannan tambaya ta wuce maganar fam da dala, domin a cikinta akwai batun gaskiya da amana, da kuma yadda mutum ke rabuwa da abin da ya yi masa amfani.

Da farko ya kamata mu san abin da kowane zaɓi yake nufi. Shuɗin hayaƙi yawanci alama ce cewa ringi ya cinye, baƙin mai yana kutsawa inda fetur ke ƙonewa. Gyaran irin wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an warware inji gaba ɗaya, an goge ko an faɗaɗa silinda, an sa sabon ringi da fistin da gaskit, sannan a mayar da komai inda yake. Sauyi kuwa shi ne a je wurin masu sayar da kayan motocin da suka mutu, a ɗauko injin wata mota a ɗora. Gyara ya fi cin lokaci, amma mai mota ya san abin da ke cikin injinsa. Sauyi ya fi sauri, sau da yawa ya fi araha, sai dai mutum ya sayi tarihin da bai sani ba, domin babu tabbacin ko mai shi na farko yana juyen mai a kan lokaci. Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado.

Masana falsafa sun daɗe da irin wannan muhawara tun kafin a san mota. Plutarch, marubucin nan na ƙasar Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe sai su cire shi su sa sabo. Masanansu suka rabu biyu: wasu suka ce jirgin nan shi ne dai na asali, wasu suka ce ya zama wani daban. A shekarar 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara dagula lissafin. Ya ce a ƙaddara wani ya tattara tsofaffin katakan ya harhaɗa su, to wanne ne jirgin gaske a cikin biyun? Abin sha'awa, hukuma ba ta jira masana su gama gardama ba. A wurinta mota ita ce lambar jikinta, wadda tun daga 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17. A Birtaniya in ka sauya inji, za ka sanar da hukumar DVLA ta gyara takardar mota, amma motar tana nan a matsayin wadda aka sani. Wato dai zuciyar mota ta canja, sunanta bai canja ba.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa amsa ɗaya take zama hankali a wani gari, ta zama wauta a wani. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Suame Magazine ta Kumasi, gyara shi ne abin da ake fara tunani. Motoci ƙirar Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 sun yi shekara da shekaru a kan hanya saboda hannun makanikai. A can kayan gyara ne ke da tsada, ladan aiki kuwa da sauƙi. A nan abin ya juya: awa ɗaya ta makaniki tana iya cinye kuɗin cefanen ɗalibi na mako guda. Saboda haka idan aka ce mana gyara ba riba, abin da ake nufi shi ne hannun ɗan Adam ya yi tsada a wannan ƙasa, ba wai injin ya mutu murus ba. A 2009 gwamnatin Amurka ta kashe dala biliyan 3 tana biyan mutane su ba da tsofaffin motocinsu su sayi sababbi, kuma doka ta tilasta a lalata injinan da aka karɓa, ko da suna aiki. Hujjarsu ita ce rage shan mai da hayaƙi da kuma farfaɗo da kasuwa. Hujja ce mai ƙarfi, amma duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗinke takalmi sau uku sai ya ji wani abu a ransa.

Duk da haka ba na cikin masu cewa gyara kullum shi ne daidai. Sabo turken wawa ne. Akwai mai cewa ya riga ya kashe kuɗi masu yawa a kan motar nan, don haka ba zai bar ta ba. Kuɗin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa don an bi shi da wani. Idan tsatsa ta cinye ƙasan mota har ba za ta ci gwajin MOT ba, sabon inji a cikinta tamkar zuba ruwa ne a kwando. Kuma kuɗin da ke hannun ɗalibi sau da yawa ba nasa ba ne shi kaɗai. Gumin iyaye ne, ko na al'ummar da ta ɗauki nauyin karatunsa. Kashe shi don son zuciya almubazzaranci ne, ko da an sa masa sunan riƙon amana.

Akwai kuma hanya ta uku da ba a cika faɗa a fili ba, kuma ita ce ta fi damuna. Ita ce a zuba mai mai kauri don hayaƙi ya lafa na 'yan kwanaki, a wanke mota tas, a sayar wa sabon ɗalibin da ya sauka jiya bai san komai ba, ko a loda ta a jirgi a aika gida. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Aika mota gida ba laifi ba ne, mutane da yawa da ita suke cin abinci. Laifin shi ne ɓoye aibi. Wanda ya yi haka bai gyara ba, bai sauya ba, ya dai ɗora wa wani nauyin da ya gaza ɗauka, kuma galibi wanda aka ɗora wa ya fi shi rauni.

To mene ne mafita? A ganina sai a fara da neman gaskiyar lamari: a sa makaniki ya auna ƙarfin matsin kowace silinda, ya duba ƙasan mota da giya da birki. Idan jiki lafiyayye ne kuma za ka daɗe da ita, gyara ya fi, domin da tsohuwar zuma ake magani. Idan karatu ya kusa ƙarewa kuma aljihu ba nauyi, a ɗora injin gwanjo daga wurin mai ba da garanti a rubuce. Idan kuwa jikin ya gama yawo, a rabu da ita lafiya. Kowanne aka zaɓa, a ajiye rasit, kuma ranar sayarwa a gaya wa mai saye abin da aka yi da abin da ya rage. Wataƙila farashi ya ragu da fam ɗari ko biyu, amma za ka iya haɗuwa da shi a taron ƙungiya ku gaisa ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya mai da mu gida lafiya.